Masarar da Ta Tsiro a Gindin Turmi

Na san abin da aka faɗa muku a Karaye kuna yara. An ce bayan rasuwar mahaifiyarku kaina ya ɗan taɓu, na kulle kaina a gida a garin Turawa ina hira da masara, na bar ku a hannun yayata Dije. Hira da masara kam na yi, ba zan musa ba, don babu wanda zan yi da shi. Amma kaina lafiyarsa ƙalau, ya ma fi na masu yaɗa zancen. Na yi shiru duk shekarun nan ne saboda Yaya Dije tana raye, kuma akwai abin da na ɗaukar wa kaina ba zan bari ya shiga kunnenta ba. Yanzu Allah ya karɓi abarsa, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini sallama. Kai Nasiru, ke Rabi, kuna da ɗan wayo a lokacin, za ku tuna wasu abubuwan. Ke kuwa Safiya, a bayan uwarki kike, ba ki san komai ba, kuma saboda ke na fi zama rubuta wannan.

Ni malamin gona ne a wancan zamanin. Hukumar noma ta turo ni Turawa da babur da buhunan takin zamani, a shekarun da masara ta fara barin bayan gida tana shiga manyan gonaki. Da can 'yar gashi ce kawai, a shuka layi biyu a bayan ɗaki yara su ci ɗanya. Da mutane suka ga yadda take amsa taki sai kowa ya ruɗe, har masu dawa suka fara rage dawa. To amma masara mai shagwaɓa ce. A tudu, can wajen Gwangwan ta ƙasar Rogo, ruwa ya ɗauke mata kaɗan sai ta naɗe ganye ta bushe a tsaye. A fadamun Turawa kuwa, da marka ta kankama ruwa ya kwanta a kunya, sai ta yi ɗorawa ta ruɓe daga saiwa. Manomi ɗaya zai sha duka biyun a damina ɗaya, fari a farko, ruwa a tsakiya. Kuma ni ake tarewa a kasuwa ana tambaya, tunda ni na ce a shuka.

Akwai wani masanin iri da yake zuwa mana daga wata cibiyar bincike, Dakta kawai muke ce masa. A shekarar babban farin nan na farkon tamanin, ni da shi muka samo wata masara a gonar wani dattijo a Gwangwan, ita kaɗai ta yi goyo a duk yankin. Ya tafi da ita ya yi ta tacewa, yana ce mata uba. Abin da ya rasa shi ne uwa, wadda ba ta tsoron ruwa, don a haɗa su su haifi 'yar da za ta jure duka biyun. Mun yi ta yawo a fadamu ba mu samu ba.

Mahaifiyarku ce ta samo ta. Hauwa'u sunanta, Kulu ake kiranta, Bafulatana ce daga Gwangwan ɗin, ta tashi cikin shanu, kuma ba ta iya zaman ɗaki ba ko da ka ɗaure ta. Wata rana da marka ta kawo mini fura fadama, ta tarar da ni a bakin gonar gwaji ina kallon asara, ruwa har ƙauri, komai ya yi ɗorawa. Ban ko amsa sallamarta da kyau ba. Ta ajiye ƙwarya, ta tattare zane ta shiga cikin ruwan, ina ce mata ina za ki, ba ta waiwayo ba. Can tsakiya ta tsaya ta yafito ni. Wasu 'yan karare ne kore shar, gindinsu ja kamar an sa musu lalle, sun fitar da saiwa a saman ruwa. Ta yage bakin gyalenta ta ɗaɗɗaura musu. Da na yi mata bayanin abin da Dakta yake nema, dariya ta yi.

"Malam, ai wannan aikinmu ne. Mu ne muka san wace saniya ake riƙewa, wane bijimi ake bari a garke."

Daga ranar aikin ya zama namu mu biyu. Bari in gaya muku yadda ake yi, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane sauran labarin ba. Masara bununinta a kai yake, a furen sama, shi iska take kaɗawa ya faɗa a gemun goyo, na wannan gona ya faɗa a na waccan. In kana son iri ya tsaya shi kaɗai ba gauraye, sai ka rufe goyon da takarda tun gemu bai fito ba, ka rufe furen sama da wata takardar. Da hantsi, raɓa ta bushe, sai ka girgiza bununin a cikin takarda ka zuba a gemun wannan karan dai, ka sake rufewa. Haka za ka yi kowace damina, kana shuka a cikin ruwa, kana zaɓar waɗanda suka tsaya. Da takardun Dakta suka ƙare, Kulu ta dinga yanka takardar siminti tana mannewa da ƙaro. Mutanen Turawa suka samu abin dariya. In na wuce majalisa sai a ce ga mai sa wa masara hula. Wani har ya tambaye ni ko bana za a ɗinka mata riga.

Abin da ya ƙara musu dariya shi ne, masarar da ake yi wa haka kullum lalacewa take a ido. Kowace shekara ta ƙara gajarta, goyonta ya ƙanƙance, ƙwayoyin a warwatse kamar haƙoran tsohuwa. Dakta ya ce haka abin yake, ƙarfin yana ɓoye ne, sai ranar da aka haɗa ta da wani jinin zai fito. Kulu ba ta taɓa shakka ba. Ni ne ma wani lokacin nake ɗaga goyon in ce wannan ko kaza sai ta yi tunani kafin ta ci, ita kuma ta fizge ta ce in daina zagin 'yarta.

Shekarar da aka haife ki, Safiya, muka haɗa ta da uban. Abin da ya fito ban taɓa ganin irinsa ba. Ta fi ni tsawo, ruwa ya ɗauke a farkon damina ba ta naɗe ba, marka ta zo ta kwanta mata a gindi ba ta canza launi ba. Masu maganar hula suka fara bi ta gefen gonar a hankali kamar ba kallo suke ba. Dakta ya zo ya duba, sannan ya gargaɗe mu. Ya ce 'yar ba ta riƙe ƙarfin nan in aka sake shuka ta, kullum sai an koma wajen uwa da uba an haɗa sabo, don haka iyayen su ne dukiyar. Uban yana wajensa a cibiya. Uwar kuwa ba ta da yawan da za a raba, ya ce mu ƙara yawaita ta damina ɗaya tukuna ya zo ya ɗiba. Ke nan duk duniya babu ita sai a madafar gidanmu.

Kun san yadda ake ajiye iri a wajenmu. A zaɓi manyan goyo, masu cika, a ɗaure su da ɓawonsu a rataye a saman murhu, hayaƙi ya hana ƙwari. Kowace mace ta san abin da ke rataye a nan ba a taɓa shi ko yunwa za ta kashe gida. Mu ma muna da irin waɗannan, na gonar abincinmu. Ita kuwa uwar, Kulu ta zuba ta cikin takardun siminti ta saƙale a gefe, ƙasa-ƙasa, inda hannunta zai kai ta dinga dubawa.

Da bazara, ana tsananin zafin nan, sanƙarau ya shigo Turawa. Kulu ta kwanta da ciwon kai, wuya ya sanƙare, kafin mu gama shawarar motar da za ta kai ta asibiti Allah ya yi ikonsa. Ba zan tsaya a nan ba, har yau ba na iyawa.

Yaya Dije ce ta fara isowa daga Karaye. Ita ta yi wa Kulu wanka, ita ta ɗauke ki daga kan tabarma kina kuka ta goya, ita ta karɓi gidan gaba ɗaya. Ni kuma aka zaunar da ni a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa. Cikin gida ya zama na mata, namiji ba ya shiga, ko ruwan alwala sai dai a miƙo mini ta zaure. Mutane suka yi ta zuwa, dangin Kulu daga Gwangwan, Fulani da sandunansu, manoma daga ƙauyukan da nake zagayawa. Ina jin ana ta daka a ciki, ban kawo komai a raina ba. Ranar sadakar uku aka fito da tuwon masara da miyar kuka, liman ya matsa mini in ci ko loma biyu ne, na ci. Na tuna ma yana da daɗi.

Sai da baƙi suka ragu na shiga. Na leƙa madafa, na ga manyan goyon suna nan a rataye, na duba gefe na ga igiya kawai. Takardun simintin kuwa ga ragowarsu a bakin murhu, an hura wuta da su. Yaya Dije ta shigo ta same ni a tsaye, kina bayanta.

"Kada ka damu, Sabo, irinka ban bari kowa ya taɓa ba. Gari ne ya gaza, sai na ga wasu 'yan tsiguna marasa kyau a takarda, na ce a surfa a cika da su. Ladan ya kai wa marigayiya."

Idanunta sun kumbura don kuka da rashin barci. Ta yi abin da kowace macen kirki a ƙasarmu za ta yi, ta kare iri mai kyau ta ciyar da baƙi da wanda ya lalace. Wallahi maganar ta zo mini har maƙogwaro. Na dube ta, na dubi kanki da ya langaɓe a kafaɗarta, na haɗiye. Na ce mata Allah ya saka da alheri, Yaya. Na fita bayan gida na zauna a kan turken akuya, ji nake kamar yau aka sake fita da gawar.

Aka yanke shawara ku tafi Karaye tare da ita, ni kuma in biyo baya in an yi arba'in. Akwai ɗaki a gidan mijinta, ofis ma sun yarda su mayar da ni can. Ban yi musu ba, me ya rage mini a Turawa? Aka kwashe ku da kayanku, har kajin Kulu aka ɗaure aka tafi da su, tunda babu mai ba su tsaba. Wannan kwashe kajin shi ne abin da ya juya rayuwata, kun ji yadda Allah yake lamarinsa.

Ruwan farko ya sauka, aka yi na biyu. Wata safiya na fito zan zubar da ruwan buta, sai na ga ɗan kore a gindin turmi, wajen da ƙasa ta ɗan zurma kusa da rariya. Na ɗauka ciyawa ce. Na sunkuya na ga tsiron masara ne, gindinsa ja. Kun san in ana surfe ƙwaya takan yi tsalle ta fita daga turmi. Da kajin suna nan da tuni sun tsince. Ƙafafun mata suka tattake su cikin ƙasa, ruwa ya zo ya tashe su. Na durƙusa na yi ta dubawa da yatsa, ba su cika yatsun hannuwana biyu ba. A nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Ranar na sare ƙaya na kewaye su, na mirgina turmin gefe.

Ranar arba'in Yaya Dije ta zo da motar da za ta kwashi sauran kaya. Ta tarar ban ɗaure ko tsinke ba. Na nuna mata tsiron na ce ba zan iya tafiya in bar su ba. Ta dube su, ta dubi madafa inda manyan goyo suke rataye, ta dube ni. Ta ce a tono su a tafi da su, na ce masara ba ta son dashe, balle masu rauni irin waɗannan. Ta ce a bar wa maƙwabci, na ce aikin da suke buƙata mutum biyu ne suka iya shi a garin nan, ɗaya tana kabari. Ranta ya ɓaci.

"Irinka ga shi can ko ɗaya bai ɓata ba. Wannan abin da ya zube a ƙasa, shi ne zai raba ka da 'ya'yanka?"

"Yaya, ki ba ni zuwa kaka."

"Yarinyar da mutuwa ta yaye ba ta san kaka ba, Sabo. Wanda ta buɗe ido ta gani shi ne nata."

Kalma ɗaya ce za ta wanke ni a wajenta. In ce mata, Yaya, wancan na rataye ba komai ba ne, wahalar Kulu ta shekara da shekaru ita kika sa aka tuƙa. Na san yayata. Da ta ji haka ba za ta sake cin tuwon masara da daɗi ba har ta mutu, kuma ita ce za ta riƙe mini ku. Na zaɓi ta tafi tana ganin na zautu. Ta shiga mota tana share hawaye, kafin sati ya zagayo labari ya cika Karaye.

Damina mafi tsawo a rayuwata ke nan. Ban san gida yana da ƙara ba sai da kuka tafi. Ƙyauren ɗaki, ɗigar indararo, ƙadangare a kan kwano, duk ina jin su. In na dawo daga masallaci sai in yi sallama a zaure kamar kullum, in tsaya jiran amsa, sannan in tuna. Ludayin Kulu yana nan a inda ta kife shi, na kasa ɗagawa. Na koyi dama kunu, mai gudaji, in zauna kusa da ƙayar in sha. A nan ne hirar ta samo asali. Nakan gaya musu yau an yi kaza a gari, ko in yi musu faɗa in na ga ganye ya sunkuya. Matar maƙwabci ta jiyo ta katanga, shi ke nan aka samu shaida. Kewa ce, 'ya'yana, kewa ce tsagwaronta. Ba ni da wanda zan ce wa wash.

Za ku ce me ya hana ni kwana a Karaye in dinga zuwa. Babur ya mutu, hukuma ta ce babu kayan gyara. Ranar da na bi motar kasuwa na je ganinku na dawo na tarar akuya ta haura ta cinye biyu daga cikin tsiron. Tsutsa ta kashe wani. Daga nan na rage fita. Da marka ta zo rariya ta toshe, tsakar gida ta zama tafki, hannuna har ya kai kan fartanya zan buɗe wa ruwan hanya. Sai na ji kamar Kulu tana cewa in bar su su nuna halinsu. Na bar su, ina tsaye a ƙofar ɗaki ina kallo. Ba su yi ɗorawa ba.

Lokacin bununi ya fi komai wuya. Aikin hannu uku yake so, ɗaya ya lanƙwaso kara, ɗaya ya girgiza, ɗaya ya buɗe takardar goyo. A da Kulu ce take buɗewa ina zubawa. Yanzu sai na riƙe takardar da haƙora. Masarar maƙwabta duk ta yi fure, iska tana kawo nasu ta saman katanga, kuskure kaɗan jinin ya gauraye. Kowace hantsi ina nan har aka gama. Da kaka na samu 'yan goyon da ba su cika hulata ba, munana kamar iyayensu. Na raba biyu, na kai wa Dakta rabi da hannuna.

Daga can na wuce Karaye. Kai Nasiru ka rugo ka rungume ni, Rabi ta karɓi jakata. Ke kuwa kin fara tafiya, kina ganina kika shige bayan zanen Yaya Dije. Mijinta ya shigo kika miƙa masa hannu kina cewa Baba. Yaya ta turo ki gabana ta ce ki gai da Malam. Ba da mugunta ta faɗa ba, haka kowa yake kirana. Sunan ya zauna. Bayan shekara biyu manyan suka dawo wajena, ke kuwa ko na yi maganar ɗaukarki sai ki yi ta kuka har da zazzaɓi. Yaya ba ta taɓa haihuwa ba. Na bar mata ke. Ranar aurenki ma a cikin 'yan ɗaurin aure na zauna, mijinta ne ya ba da ke.

Masarar ba ta yi sunan da Dakta ya so ba. An yi 'yan shekaru ana haɗawa ana rabawa, sai kuɗin aikin ya ƙare, aka mayar da shi wani wuri, ba mu sake haɗuwa ba. Amma manoman Turawa ba su saki ba. Suka yi ta ajiye iri yadda suka saba, ta gauraya da tasu, ƙarfin farko ya ragu, sai dai jan gindin nan da rashin tsoron ruwa sun bi jini. Ita ce kuke ji ana kira Jar Ƙafa. Fadamun da a da ba a shuka komai sai shinkafa, yanzu ku je da marka ku gani.

Bara da kaka, Safiya, kin zo duba ni da yaranki. Kin tsaya a hanya kin sayo gasasshiyar masara, kin ɓare mini da kanki saboda haƙorana. Muryarki irin ta uwarki ce sak, in kika ce Malam sai na ɗan rufe ido, ba ki taɓa lura ba. Shi ya sa ban taɓa neman ki canza mini suna ba.

"Malam, ci wannan, Jar Ƙafa ce. Ita ta rufa mana asiri bana da ruwa ya ci gonar tudu da ta kwari. Ko wane ne ya kawo ta ƙasar nan, Allah ya ji ƙansa."

Na ce amin, na ci gaba da tauna, don Yaya Dije tana kwance a lokacin ba ta cika ba. Ba ki san fuskar uwarki ba, ba mu da hotonta, kabarinta ma ruwa ya daɗe da shafe shi. To yanzu kin san wa kika yi wa addu'a ranar. Ki ci gaba da yi duk kaka, ki koya wa yaranki, amma ki dinga faɗin sunan. Hauwa'u.